Yadda Za Ka Samo wa Ƙaramin Yaro Ƙuru Mai Sanyin Hali, Daga Nema Har Hawan Farko

Tun bayan hawan Sallar da ya wuce tambaya ɗaya ke ta zuwa mini daga iyaye, wasu daga nan Birnin Kebbi, wasu daga Argungu, Jega da Yawuri. Yaro ɗan shekara biyu ko uku ya ga dawakai ya ƙwallafa rai, kullum yana tsakar gida bisa dokin kara yana sukuwa, to ta ina za a fara a samo masa ƙuru, wato gajeren doki, wanda ba zai ji masa ciwo ba?

Kafin mu shiga matakai, a riƙe abu ɗaya. Yaro mai waɗannan shekaru ba hawan doki yake yi ba, ɗora shi ake yi. Ba shi da ƙarfin cinya da zai matse sirdi, ba zai iya jan linzami ba, kansa kuma ya fi sauran jikinsa nauyi idan aka kwatanta da babba, shi ya sa in ya faɗo kan ne ke riga isa ƙasa. Saboda haka dokin da kake nema shi ne wanda babba zai ja da ragama, yana tafe a hankali kamar ba ya so. Duk abin da ke ƙasa a kan wannan ya ginu.

1. Fara da gida, kasuwa ta jira

Ka zauna ka amsa wa kanka tambaya uku. Wa zai kula da dokin safe da yamma? A ina za a kafa masa turke? Aljihu zai ɗauki cinsa har shekara ta zagayo?

Wurin ɗauri ya zama mai inuwa ta gaske, rumfa ko gindin bishiya, domin zafin Maris zuwa Mayu a Kebbi yakan haura digiri 40. Ya zama kuma akwai katanga ko ƙyaure tsakaninsa da inda yara ke wasa. Wannan ba ƙawa ba ce. Raunin da ƙananan yara ke samu daga doki sau da yawa ba a bisa sirdi yake faruwa ba, a ƙasa ne: yaro ya sulale ya bi ta bayan doki, ko ya shiga ƙarƙashin cikinsa yayin da manya ke hira.

Ga lissafin ci. Doki na buƙatar busasshiyar ciyawa da harawa kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a kowace rana. Ƙuru mai kilo 200 ke nan zai ci kilo 4 a yini, wajen kilo 120 a wata. Ka je kasuwar da ke kusa da kai ka tambayi kuɗin damin harawa da buhun dusa, ka ninka, ka ƙara kuɗin mai kula da shi, maganin tsutsa, gyaran kofato duk bayan mako 6 zuwa 8, da ɗan abin da za ka ajiye don ranar da za a kira likita da dare. Harawa da kaka ake saye a adana a kan rumfa. Wanda ya jira bazara zai saya da tsada sosai. Kuɗin sayen dokin sau ɗaya ake biya, na cinsa kuwa kullum ne, kuma ƙuru na iya kai shekara 25 zuwa 30 a duniya.

Gargaɗi: idan babu babban da ya san doki a gidan, kuma ba ka da halin ɗaukar wanda ya sani, ka tsaya a nan. Ka riƙa kai yaron bargar wani da ka yarda da shi har ya ƙara wayo.

2. San irin wanda kake nema kafin dillali ya zaɓa maka

Shekaru su ne kan gaba. Nemi mai shekara 10 zuwa 18, wanda ya ga duniya, ya saba da ƙarar babur, da kiɗa, da yara. Kuskuren da ya fi yawa, kuma ni kaina na yi shi, shi ne sayen duƙushi da niyyar su girma tare da yaro. Lokacin da babban ɗana ke da shekara uku na sayo masa wani jan duƙushi kyakkyawa daga hannun wani dillali. Ba mugu ba ne, wasa yake so, amma wasan duƙushi cizo ne da harbi. A mako na uku ya kama yaron a kafaɗa ta cikin riga. Allah ya kiyaye ƙashi, sai dai yaron ya fi shekara ba ya yarda ya kusanci ko jaki. Wani dattijo da ya daɗe yana kula da dawakai a Argungu ya zo duba mu, ya kalli duƙushin ya ce da ni, "Alhaji, yaro biyu ka haɗa. Wa za shi koya ma wani?" Shi ne daga baya ya nuna mini tsohon ƙurun da ƙannen yaron duk suka fara hawa a kansa.

Sai jinsi. A ƙasarmu mafi yawan dawakin hawa maza ne da ba a dandaƙe ba, kuma akwai masu ganin hawan goɗiya ragi ne ga namiji. Ka ajiye wannan tunani a gefe. Namijin da ba a dandaƙe ba, komai lafiyarsa, yana jin ƙanshin goɗiya ko haniniyar wani namiji zai iya mantawa da abin da ke bayansa. Dandaƙaƙƙe shi ne zaɓi na farko, goɗiya mai sanyin hali ta biyu. Kada ka ɗauki goɗiya mai shayarwa, don tana kare ɗanta da haƙori da kofato, kuma ka sa a duba ko tana da ciki, tunda cikin goɗiya wata 11 ne kuma ba ya fitowa da wuri. Wanda aka dandaƙe kwanan nan ma bai huce ba tukuna, yakan ɗauki makonni ko watanni, wanda kuwa aka dandaƙe bayan ya manyanta wani lokaci ba ya sakin tsohon halinsa.

Tsayi: a ma'aunin duniya duk dokin da bai wuce santimita 148 ba a doron kafaɗa ƙuru ne, amma wannan ya yi wa ɗan shekara uku tsawo. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Ka tsaya a gefensa. Idan za ka iya riƙe ƙugun yaro a bisa bayansa ba tare da ka ɗaga hannu sama da ƙirjinka ba, ya yi. Wannan yakan faɗo tsakanin santimita 100 da 125. Za ka ga hotunan 'yan ƙananan dawakin Shetland na ƙasar Sikotilan a intanet, masu geza kamar zaki. Dawakin sanyi ne masu kaurin gashi, kuma gajarta ba ta nufin sanyin hali. Ƙurun gida da ya saba da ranarmu da ciyawarmu ya fi maka.

Launi kuwa, akawal ne, kili ne, gunya ne, bai shafe ka ba. Kyan ɗan maciji ya ja wa iyaye da yawa nadama.

3. Inda za a nema

Mafi kyau shi ne gidan da yaransu suka girma suka bar ƙurun. A masarautun Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru akwai gidajen sarauta da na attajirai da suka gaji riƙon dawakai, kuma masu kula da bargoginsu sun san dokin kowa a gari. Ka gaya wa biyu ko uku daga cikinsu abin da kake so, ka ce ba gaggawa kake ba. Irin wannan doki ba ya zuwa kasuwa. Daga hannu zuwa hannu yake tafiya, wani lokaci ma aro za a ba ka na shekara biyu ko uku.

Kasuwar dabbobi ita ce mafita ta ƙarshe. Dawakai da yawa ta kan iyakar Nijar suke shigowa, sun sha tafiya, sun gaji, sun ji yunwa, kuma gajiyayyen doki kowane iri ne kamar salihi yake. Bayan mako biyu yana ƙoshi sai ainihin halinsa ya fito. Kada kuma ka saya ana gab da Sallah, lokacin farashi ke sama, kowa kuma gaggawa yake. Bidiyon WhatsApp ba gani ba ne, cinikin biri a sama ne.

4. Ziyarar farko, ba tare da yaro ba

Ka bar yaron a gida. Idan ya gani ya so, kukansa zai hana ka ganin aibu. Ka tafi da wanda ya san doki kuma ba shi da la'ada a cinikin. Ka isa kafin lokacin da kuka yi alkawari, don ka tarar da dokin a turkensa, ba a riga an kai shi kilisa an gajiyar da shi ba. Idan ka tarar da gumi a jikinsa ko alamar sirdi a baya, ka san an riga ka.

Tsaya daga nesa tukuna. Dubi yadda yake karɓar mai shi: ya miƙo kai da kunnuwa a gaba, ko ya kwantar da kunnuwa baya ya juyo da gindi? Kwantar da kunne gargaɗi ne, juyo da gindi kuwa shirin harbi ne. Ɗaya daga ciki ya isa ka yi sallama.

Ka yi tambayoyi kai tsaye. Shekara nawa yana hannunka? Yara sun taɓa hawansa, masu shekara nawa? Ya taɓa tutsu, ko taɓarya (miƙewa da ƙafafun gaba sama), ko cizo? Me ya sa za ka sayar? Wanda ya ce dokinsa ba shi da aibu ko ɗaya, bai san shi ba ko kuma ba ya son ka sani. Na fi yarda da mai cewa, "Ba ya son a taɓa masa kunnen hagu."

Gargaɗi: akwai masu ba doki maganin da ke kashe masa jiki kafin mai saye ya zo. Alamunsa su ne leɓen ƙasa a sake yana reto, ido a lumshe, kai a ƙasa, jan ƙafa, namiji kuma gabansa ya zubo bai mayar ba. Doki mai sanyin hali idonsa a buɗe yake, yana bin motsi da kunne, bai dai damu ba ne. Shi ya sa ziyara ɗaya ba ta isa. Ka koma sau biyu ko uku, ɗaya ba tare da sanarwa ba.

5. Gwaji

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Ƙaramin yaro ba ya yin abin da doki ke tsammani: yana ƙara ba dalili, yana ruga da gudu, yana jan geza, yana wurgi da takalmi. Aikinka shi ne ka yi duk waɗannan da kanka kafin yaron ya yi.

Fara da hannu. Mai shi ya fara, sannan naka mutumin. A shafa fuska, kunnuwa, ƙarƙashin ciki, cinya, gindin wutsiya. A ɗaga ƙafafu huɗu ɗaya bayan ɗaya. A ja geza kaɗan. A jingina a bayansa da nauyi, a ɗan bubbuga kuturinsa.

Sai ja da ragama kaɗai, ba linzami. Ka tafi, ka tsaya. Ya tsaya tare da kai ko ya wuce yana jan ka? Ka tsaya minti biyar kana magana da wani. Dokin yaro dole ya iya tsayuwa ba ya tono ƙasa, ba ya zagaye. Ka fitar da shi daga gida, nesa da sauran dawakai, ka ga ko zai yi ta haniniya yana neman komawa.

Sannan abubuwan firgita. A buɗe lema kusa da shi. A kaɗa baƙar leda. A jefar da kwanon sha a ƙasa. A tayar da babur a wuce ta gefensa. A sa babban yaro ya rugo da gudu yana ihu, daga nesa da farko. Ba wanda ba ya motsi kake nema ba. Kowane doki mai rai zai ɗaga kai ya duba. Abin lura shi ne me ƙafafunsa suka yi, kuma cikin daƙiƙa nawa ya koma daidai. Wanda ya duba ya sauke kai, shi ne naka. Wanda ya zabura gefe guda, ko da taku biyu ne, ya isa ya zubar da ɗan shekara uku.

A gwada shi da abinci a gabansa. Wasu dawakai lafiya lau suke sai an zuba dusa, sannan su zama wasu daban.

A ƙarshe a ɗora masa yaro ɗan shekara 9 ko 10 da ya iya hawa, a ja shi, yaron yana motsa ƙafa, yana tafi, yana waiwaye. Idan mai dokin ya ce ba yaron da zai hau, ka ji amsarka.

6. Haƙora da likita

Shekarun da aka faɗa maka a baki, ka duba su a bakin dokin. Haƙoran gaba na tsakiya suna sauyawa daga na nono zuwa na girma a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi. A shekara 5 baki ya cika. Idan ka ga ƙananan farare na nono, ɗan yaro ne komai aka ce maka. A wajen shekara 10 wani siririn layi mai duhu yakan fara fitowa daga dasashi a haƙorin gefe na sama, ya kai rabi a wajen 15, ya kai ƙasa a wajen 20. Kimantawa ce, amma tana kama ƙaryar shekara biyar.

Kada ka biya kafin likitan dabbobi ya gani. Akwai su a asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato idan abu ya yi tsanani. Ya duba ido da kyau, domin dokin da ba ya gani sosai ta gefe ɗaya shi ne mai zabura. Ya duba baya ko akwai miki ko tsohon gyambon sirdi, ya sa a yi sassarfa da shi a ƙasa mai tauri don ganin ɗingishi, ya duba kaska, majina, tari, da ƙuraje masu ruwa da ke jeruwa a ƙafa ko wuya, waɗanda ke yaɗuwa tsakanin dawakai kuma suna da wuyar magani. Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa a hutu 28 zuwa 44 a minti. Ciwo na sauya hali: dokin da bayansa ke ciwo zai yi tutsu ko da shi ne mafi haƙuri a gari.

7. Ciniki

Nemi a ba ka shi gwaji na mako biyu, ko a rubuta cewa za ka iya mayarwa idan wani hali ya fito. Mai gaskiya da ke son ƙurunsa ya faɗa hannu nagari ba ya ƙin wannan. A yanke la'adar dillali tun kafin a yi sallama, a san wa zai biya, haka kuɗin mota. A rubuta takarda da shaidu, da kamannin dokin da duk wani tabo ko lamba a jikinsa; idan a kasuwa ne, a karɓi rasiɗi daga shugabannin kasuwar. Da yadda satar dabbobi ta yi yawa a yankin nan, doki mai araha fiye da kima wanda ba a san asalinsa ba zai iya kai ka gaban hukuma.

8. Makonni uku na farko

Idan akwai wasu dawakai ko jakuna a gidan, a ware sabon na mako biyu zuwa uku, da bokitin ruwansa daban. A ci gaba da ba shi irin abincin da ya saba, a sauya a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma, don sauyin gaggawa na kawo ciwon ciki, ciwon ciki kuwa na kashe doki. Likita ya ba shi maganin tsutsa da rigakafin tetanus, cutar da ke sandarar da jiki, ka kuma tambaye shi game da cutar dawakai da ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, musamman da damina ga waɗanda ke kusa da fadama.

Gargaɗi: kada ka cika shi da dawa ko gero. Ƙurun da aikinsa ɗaukar yaro na minti goma ne ba ya buƙatar hatsi sosai. Hatsi na sa masa zafin kai, yana kuma iya jawo ciwon kofato. Ciyawa, harawa, ɗan dusa, gishirin lasa da ruwa mai tsabta a kowane lokaci sun wadatar. Kada a ba shi abincin kaji, wasu na ɗauke da maganin da guba ne ga doki, haka duk abin da ya yi fumfuna.

A waɗannan makonni yaron kallo kawai zai yi, yana hannunka. Sannan ya shafa kafaɗa, daga gefe. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa da abin da ke ƙarƙashin hancinsa, ɗan shekara uku kuwa daidai nan tsayinsa yake. Kada yaro ya ba shi abinci a hannu. A zuba a kwano, in ba haka ba ƙurun zai koyi neman yatsu.

9. Kayan hawa

Hular kwano ta hawan doki daidai kan yaro, mai maɗauri a haɓa. Ta babur ta yi wa wuyansa nauyi, ta babba kuma za ta zame. Idan ba a samu a kusa ba, a yi saƙo daga Kano, Kaduna ko Abuja inda ake wasan folo, a jira ta iso. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Ragama mai kyau da igiya mai kauri. Sirdinmu na gargajiya da babbar likkafarsa ta ƙarfe na manya ne. Ga yaro, jalala mai kauri da majayi mai maɗamki a gaba ta fi, ko ƙaramin sirdi da aka cire wa likkafa. Ƙafar yaro na iya zurmawa cikin likkafa, in ya faɗo doki ya ja shi. Linzami mai kaifi, ƙaimi da bulala ba su da aiki a nan.

10. Hawan farko

Da safe ko bayan la'asar, a fili mai yashi da ke kewaye, ba mota, ba wasu dawakai. Babba biyu: ɗaya na riƙe da ragama, idonsa a kan doki, ɗaya na tafe a gefe, hannunsa a ƙugun yaro, ba ya saki ko waya ta yi ƙara. A fara jan ƙurun shi kaɗai na 'yan mintuna a ga yadda ya tashi ranar. A sake duba majayi. A ɗora yaron a tsaye tukuna, sannan taku goma, a tsaya. Minti biyar ya isa ranar farko, goma daga baya. Idan ya yi kuka a sauke shi nan take, ba tsawa, ba "namiji ba ya tsoro". Gobe ma rana ce.

Gargaɗi mafi girma: kada a ɗaure yaro a jikin sirdi da rawani ko zane, kada kuma a naɗe masa igiya a hannu. Idan dokin ya faɗi ko ya zabura, wanda ke gefe yana buƙatar ya fizge yaron cikin ƙiftawar ido. Idan kuwa ya faɗo kansa ya bugu, ya yi amai, ko barci ya rinjaye shi, ko ya kasa tsayuwa daidai, a wuce asibiti kai tsaye, hular kuma a sauya ta ko da ba a ga tsagewa ba.

Na san da yawa burinsu su ga yaron cikin ayarin hawan Sallah da 'yar alkyabbarsa. Ba bana ba. A filin hawa akwai bindigogi, tambari, algaita, ingarmu na sukuwa da taron da ba ya barin wurin kaucewa, kuma ƙurun da ya ci duk gwajin da ke sama bai taɓa cin wannan a gabanka ba. A Sallar farko a fita da ƙurun shi kaɗai, babba na jansa a gefen taro, a ga yadda zai yi da ƙarar bindiga. Yaron ya sa alkyabbarsa a ɗauke shi hoto bisa ƙurun a tsakar gida da safe, sannan ya kalli hawan daga kafaɗarka.